Degen da na ƙulla ya yi hunhuna a cikin leda, ina kuskuren yake?

Maman Nafisa (Talaje):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. Shekara uku ke nan ina murza dege, wato ƙananan curin garin gero da ake jiƙawa a nono, da dambun gero, in busar, in ƙulla a ledar rabin kilo, ina kai wa shaguna huɗu a nan Yamai. Daga hunturu har bazara ban taɓa jin ƙorafi ba. Amma wanda na yi a farkon Agusta, leda 80, jiya mai shago ya kira ni na je na kwaso 31. Wasu sun yi hunhuna fari-fari ta gefe, wasu sun dunƙule kamar dawo, waɗanda suka tsira kuma kusan rabin ledar ya koma gari. Geron na mutum ɗaya ne a Katako, matan da ke murza mini su ne dai ba a canza ba, shanya kuma kwana biyu na yi kamar kullum. Da hannuna na taɓa na ji ya bushe ƙayau kafin in ƙulla. To ina kuskuren yake?

Hajiya ta Wadata:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗiyata. Ba laifinki ba ne, damina ce. Na fi shekara ashirin a wannan sana'a, kuma daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba ba na ƙulla komai a leda, sai dai in murza na yini a sayar da ɗanyensa. Ranar damina tana ƙona fata amma ba ta shan ruwa.

Baban Yasira:
Hajiya, mu masu shago ba za mu ce wa mai saye ya dawo bayan damina ba. In ya zo babu na gida, na kwali da aka shigo da shi daga waje zai ɗauka, in kuwa bakinsa ya saba shi ke nan, kun rasa shi.

Injiniya Ɗan Adar:
Maman Nafisa sannu da wannan asara. Kafin in ce komai, amsa mini uku. Da wane lokaci kika kwashe shanyar? Kin bar shi ya huce kafin ki zuba a leda? Kin taɓa ɗora shi a sikeli kafin shanya da bayan shanya?

Maman Nafisa (Talaje):
Injiniya, wajen la'asar ne hadari ya taso daga gabas, muka kwashe a guje. Da ɗuminsa muka zuba a leda don kada ƙura ta shiga, da dare muka liƙe baki. Awo kuwa sai in zan ƙulla nake yi, don rabin kilon ya cika.

Injiniya Ɗan Adar:
To ga bakin zaren. Na yi shekaru a masana'antar da ake busar da gari ana cura shi, kuma abin farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne kada ya yarda da hannunsa. Hannu fatar ƙwaya kawai yake ji. Ƙwayar dege daga waje take fara bushewa, cikinta yana nan da ruwa, kuma in zafi ya yi yawa fatar takan yi tauri ta tsare ruwan a ciki. Sai kin rufe leda, cikin kwana biyu ko uku ruwan nan ya fito ya rarrabu ko'ina. Ga shi kuma da ɗumi kika ƙulla: iska mai ɗumi da aka rufe, in ta huce sai ta yi raɓa a jikin leda. Shi ya sa hunhunar ta fara ta gefe.

Maganar Hajiya gaskiya ce, sai dai ina so a san dalilinta. Ba rana ce ke shanya ba, iska ce. Rana tana ba da zafi, iska ke ɗauke ruwan ta tafi da shi. A Fabrairu da Maris laimar iskar Yamai da rana tsaka takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ko a inuwa kika baza zai bushe. A Agusta kuwa da safe takan wuce 80. Hatsi yana bin iskar da yake zaune a ciki. In laimarta 65 ce, ruwan jikinsa zai tsaya wajen kashi 13. In 80 ce zai tsaya wajen 16, ko mako guda kika yi kina shanya ba zai sauka ba, abin da ya zubar da rana zai sake sha da dare. Ƙa'idar abinci ta duniya da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka tsara ta ce garin gero kada ruwansa ya wuce kashi 13, kuskus kada ya wuce 13.5. Ni a ƙasa mai zafi irin tamu, ga abin da zai yi wata uku a kan kanta, ba na natsuwa sai na ga 10.

Ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni:
Mama, don Allah waɗanda kika kwaso kada ki tankaɗe ki sake turarawa ki sayar. Akwai hunhunar da ke barin guba mai suna aflatoksin, tana lalata hanta, kuma turara ko dafawa ba sa kashe ta. Ido ba ya bambance mai guba da marar guba. Kada kuma a ba saniya ko akuyar da ake tatsa, don tana biyowa cikin nono.

Maman Nafisa (Talaje):
Subhanallahi. Wallahi niyyata in ba tumakin gida. Na gode ƙanwata, zan haƙa rami in binne.

Amma Injiniya ba ka ce komai ba kan wanda ya koma gari. Wannan ai bai jiƙe ba.

Injiniya Ɗan Adar:
Wannan ciwo ne dabam, tun daga madambaci ya samo asali.

Kin ga yara a bakin kogin Isa suna gini da jiƙaƙƙen yashi? Yana tsayawa ne saboda ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya yana janyo su wuri ɗaya. Rana na bugawa ya rushe, don ruwan ya tafi bai bar komai a gurbinsa ba. Haka garin da kika yayyafa wa ruwa kika murza a ƙwarya yake: ya curu, amma riƙon na aro ne. Abin da ke mayar da shi na dindindin shi ne turara. In zafi ya kai wajen digiri 70 kuma akwai isasshen ruwa, sitacin gero yana kumbura ya yi danƙo kamar koko, in ya bushe sai ya zama sumunti tsakanin ƙwayoyin garin. In kin cika madambaci ya yi tozo, ko kin sauke da wuri saboda aiki ya yi yawa, na tsakiya bai nuna ba. A ido duk ɗaya ne, sai an ɗora leda kan leda a bayan babur sannan ɗanyen ya murmushe.

Ki ɗauki ƙwaya goma daga wurare dabam-dabam a madambacin, ki fasa da farce. In kin ga fari kamar alli a tsakiya, da saura. Turarar tana da wani amfanin ma. Gero yana da mai wajen kashi 5, shi ya sa garinsa ke ɗaci da warin tsohon mai bayan 'yan kwanaki. Tururi yana kashe sinadarin da ke ɓata man.

Maman Nafisa (Talaje):
Ka gan ni kamar kana wurin. Ranar kilo 40 muka yi, madambaci biyu kawai gare ni.

Mai walda na Katako:
Injiniya barka da aiki. Ni tambayata ta ƙarfe ce. Na ga hoton wani inji kamar babban faranti a karkace yana juyawa, gari na shiga ƙwallaye na faɗowa. In ka ba ni awo zan iya haɗa shi. Mata nawa ke zuwa wurina suna kukan ciwon kafaɗa saboda murza.

Injiniya Ɗan Adar:
Maigida, wannan faifan curi ke nan, da shi ake cura takin zamani da garin ma'adinin ƙarfe a manyan masana'antu. Ƙwaryar mata ce aka sa wa motar lantarki mai juya ta. Ana karkata shi tsakanin digiri 45 zuwa 55, gari na zuba kaɗan-kaɗan, ana fesa ruwa siriri kamar hazo. Daɗinsa shi ne da kansa yake tankaɗe: ƙanana suna nutsewa ƙasa suna ci gaba da ɗaukar gari, manya suna hawowa sama su faɗo ta baki. Faifai mai faɗin mita ɗaya juyi 20 zuwa 25 a minti yake so. Motar lantarkin da ke kasuwa kuwa tana yin juyi wajen 1,400 a minti, don haka dole ka sa abin rage gudu. In ya yi sauri garin zai manne a bango ya yi ta zagaye, in ya yi sanyi zai zame kawai ba ya mirginawa.

Roƙona ɗaya. Duk inda abinci zai taɓa a sa inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Kada a yanka tsohuwar gangar da ba a san abin da ta ɗauka ba, kada a shafa fenti a ciki.

Hajiya ta Wadata:
Ku dakata mini. Kullum in aka zo maganar sana'ar mata sai a ce inji. Mata goma sha ɗaya ke murza a gidana, da kuɗin suke sayen sabulu da littafin lakkol na yara, uku daga ciki mazansu sun rasu. In faifai ya zo ina za su? Sannan na ci degen inji a wani baje koli, ƙwayoyin sumul kamar tsakuwa, sun kwana a nono ba su yi laushi ba. Na hannu yana shan nono har cikinsa.

Baban Yasira:
Amma na hannu yau manya gobe ƙanana, Hajiya. Mai saye yana son abin da ya saya jiya shi zai samu yau.

Hajiya ta Wadata:
Wannan aikin rariya ne ɗana, ba na inji ba. Mai ƙyuyar tankaɗe ce ke kawo maka haka.

Injiniya Ɗan Adar:
Hajiya ranki ya daɗe, a kan tauri kina da gaskiya, kuma masana'antu sun san da haka. Ƙwayar da ta daɗe tana mirgina tana matsewa, ƙofofin cikinta su toshe, ruwa ya rasa hanyar shiga. Shi ya sa masu madarar gari ba sa amfani da faifai. Su feshi suke yi: a rage wa madara ruwa sai ta yi kauri, kusan rabinta ya zama daskararre, a fesa ta daga saman wata doguwar hasumiya cikin iska mai zafin digiri 180 zuwa 200. Kafin ɗigon ya iso ƙasa ya zama gari. To wannan garin in an bar shi haka, laushinsa ya yi yawa, kina zubawa a ruwa zai yi iyo, na waje ya jiƙe ya yi fata, na ciki ya zauna a bushe. Gudajin kunu ke nan da kowace mace ta sani. Don haka sai a mayar da ƙananan ƙwayoyin su haɗu da masu ɗan danshi su manne sako-sako kamar soso, a ƙarasa busar da su a kan wani faranti mai huji-huji da iska ke busowa daga ƙasa, garin ya riƙa motsi kamar ruwa na tafasa, har ruwansa ya koma kashi 3 zuwa 4. Mai cikakken mai kuma a fesa masa lesitin na waken soya, sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, don mai ba ya shiri da ruwan sanyi. Nescafé da kuke gani ɓarje-ɓarje shi ma gari ne aka jiƙa kaɗan aka cura. Dunƙulen Maggi kuwa ba ruwa ya haɗa shi ba, matsa shi aka yi da ƙarfi tare da mai.

Abin da hannun matanki ke yi ya fi kusa da na madarar, curi mai sako-sako. Ni da za a ce in zaɓa wa Maman Nafisa inji ɗaya, ba na murza zan zaɓa ba. Murzarta lafiya lau take. Na busarwa take buƙata, kuma wannan ba ya korar kowa daga aiki, ƙara musu watanni uku na aiki ma zai yi.

Hajiya ta Wadata:
To in haka ne ina saurare.

Ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni:
Ina so in ƙara wani abu. A ɗakin binciken abinci na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, nan Yamai sun yi aiki tare da jami'ar Purdue ta Amurka a kan wani ƙaramin inji da ke matsa tsakin gero ta cikin ƙaramar kafa, zafin gogayya ya dafa shi nan take. Abin da ya fito ana busarwa a niƙa, sai ya zama garin da ya riga ya nuna, na fura da kunu da kuskus. Ƙungiyoyin mata sun koyi aiki da shi. Ina ganin ya kamata masu sana'a su riƙa leƙawa can, ƙofa ce da aka buɗe dominsu.

Malamin gona (Tawa):
Ku yi mini haƙuri in shigo da tawa damuwa, don duk maganar gari ce. Nan ƙasar Adar Allah ya ba mu dutsen fosfat, abin da gonakinmu na jigawa sunka fi buƙata. An niƙa shi an kai wa manoma, an gwada shi a gonakin INRAN da na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT a Sadore, kuma hatsi ya amsa. Amma manomi bai karɓe shi hannu biyu ba. Dalili? Gari ne kamar toka. Ka ɗebo ka watsa, iska ta kwashe rabi ta kai gonar maƙwabci, sauran ya cika maka ido da hanci. Mutanen Mali ma sun sha wannan da nasu na Tilemsi. Ga shi yanzu muna koya wa manomi ya sa taki ɗan kaɗan a kowane rami, giram 6 na takin zamani 15-15-15 ko giram 2 na takin DAP, da yatsa uku ake ɗiba. Wa zai ɗebi toka da yatsa uku cikin iskar shuka? Injiniya, mi zai hana a cura muna shi a wannan faifan naka?

Injiniya Ɗan Adar:
Malam, ka taɓo mini gida. Curawa ba wuya, amma akwai tarko. Yuriya da DAP suna narkewa a ruwa, ko an cura su da ruwan sama ɗaya sun saki. Fosfat ɗin dutse ba ya narkewa a ruwa, tsamin ƙasa ne ke cin sa a hankali daga fata, shi ya sa tun farko aka niƙa shi lilis don fatar ta yi yawa. In ka cura shi ya yi tauri, ka mayar da shi dutsen da ya fito. Dabarar ita ce a ɗaure shi da abin da zai riƙe a buhu amma ya saki da ruwan farko, irin ruwan rake mai kauri ko wani taki mai narkewa, ƙwayoyin kuma su zama ƙanana. An gwada kuma jiƙa shi da asid don ya fi saurin aiki, sai aka tarar na Tawa yana da ƙarfe da alminiyom da yawa, suna sake kama fosfat ɗin da aka saki.

Malamin gona (Tawa):
Mu abin da munka koma yi shi ne mu zuba shi cikin ramin takin gargajiya tun da rani, a jiƙa, a juya. In an kai gona ya riga ya manne da taki, iska ba ta ɗauka. Sai dai aikin amalanke ne, ba kowa ke da ita ba. Ni har yanzu ina fatan ganin ranar da za a sayar da shi a buhu ƙwaya-ƙwaya a kasuwar Tawa.

Mai kula da zaure:
Jama'a maganar taki tana da muhimmanci, Malam ka buɗe mata nata zaren mu bi ka can. A nan mu gama da Maman Nafisa tukuna. Injiniya, wane irin abin busarwa, kuma me zai ci?

Injiniya Ɗan Adar:
To mu yi lissafi. A ce kin sauke kilo 100 daga madambaci, ruwansa kashi 35. Hatsin gaske a ciki kilo 65 ne. In ya koma kashi 10, nauyinsa zai zama kilo 72. Wato ruwa kilo 28 za ki kora, ya fi jarka mai lita 25. In kin san wannan, sikeli ya zama ma'aunin bushewarki: ki auna tire ɗaya da kayansa, ki riƙa sake aunawa, sai nauyi ya daina sauka.

Korar wannan ruwan a takarda gas kilo ɗaya da rabi zai ci. A aikace ki ninka biyu ko uku, don zafi yana tserewa ta bango da ta bututu. Sirrin ɗumama iska kuwa ga shi: iskar Agusta mai digiri 30 da laima 80, in kin kai ta digiri 60 laimarta tana komawa wajen 17. Kin mayar da damina hunturu a cikin akwati. Akwatin katako ko na ƙarfe ne mai tire hawa-hawa, gindin tiren raga, murhun gas a ƙasa, kafar fita a sama. Irin wanda ake kira Atesta da masu busar da mangwaro na Burkina ke aiki da shi haka yake. Na ƙwayoyin hatsi ya fi kyau a sa masa fanka, iskar ta ratsa ta cikin kayan maimakon ta shafa samansu ta wuce. Kaurin shimfiɗa kada ya wuce yatsa biyu, ana motsawa, ana sauya wa tire wuri. Zafi ya tsaya 55 zuwa 65.

Kada a toshe kafar sama wai don a tara zafi. Gas kansa in ya ƙone ruwa yake haifarwa, kilo ɗaya yana ba da kusan kilo ɗaya da rabi na tururi. In babu mafita, turara za ki sake yi ba shanya ba. Don rage kuɗi kuma, ranar da gari ya yi haske ki bar rana ta ɗauke ruwan farko mai sauƙin fita, gas ya ƙarasa na ƙarshe mai taurin kai. In ya fito ki bar shi ya huce sarai a rufe da ƙyalle mai tsabta, ki ƙulla a leda mai kauri a ranar, kada ya kwana a buɗe.

Mai walda na Katako:
Fanka kuma in kuran, wutar lantarki, ya tafi fa? Ka san halin da muke ciki.

Injiniya Ɗan Adar:
Ƙaramar fanka ta batir mai bolt 12 da faranti ɗaya na sola sun isa ƙaramin akwati. Ka kuma ɗaga bututun sama ya yi tsawo, ko fanka ta tsaya zai ci gaba da ja da kansa.

Inna mai gabu (Galmi):
Ni tawa ta garin albasa ce. Gabu na ganye da muke curawa muna shanyawa yana shekara bai yi komai ba. Amma in na yanka albasar kanta na busar na niƙa, mako biyu a kwalba ta zama dutse, sai da wuƙa.

Injiniya Ɗan Adar:
Inna, naki curi ne da ba a gayyata ba. Albasa tana da zaƙi da yawa, zaƙi kuwa yana jan laima daga iska, ya yi danƙo, ya manne ƙwayoyin, irin yadda madarar gari ke yi in an bar gwangwani a buɗe da damina. Naki ya fi na hatsi tsanani, sai ruwansa ya sauka wajen kashi 5, yankan ya riƙa karyewa ƙas kamar gilas kafin a niƙa. Kada ki niƙa lilis, ki bar shi ɓarje-ɓarje kamar tsaki. Ki niƙa kaɗan ki rufe nan take, sauran ki ajiye shi a yanke. Masana'antu suna zuba wani farin gari na silika kaɗan don hana mannewa, za ki ga an rubuta E551 a jikin kwali.

Ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni:
Tunda ana maganar sa wuta kusa da gari, a kiyaye. Ƙurar gari da ta cika ɗaki a rufe tana kamawa lokaci ɗaya kamar fetur. A 2008 wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka ta fashe saboda ƙurar sukari, mutum 14 suka mutu. Wurin niƙa da tankaɗe dabam, wurin murhu dabam, kuma masu tankaɗe su rufe hanci.

Hajiya ta Wadata:
Allah ya tsare. Injiniya, mu da ba mu yi boko mai zurfi ba, yaya za mu san 10 ɗin nan taka? Ni gishiri na sani. A zuba busasshen gishiri da hatsi a kwalba a girgiza, in ya manne a jikin kwalba da saura.

Injiniya Ɗan Adar:
Gwaji ne mai kyau Hajiya, amma sai ruwa ya kai wajen kashi 15 gishirin ke mannewa. Yana gaya miki akwai haɗari, ba ya gaya miki kin tsira. Ga wanda ya fi: a daka degen, a auna giram 100 daidai a ƙaramin sikeli, a baza a faranti, a sa a tandar burodi ko ta kek mai ma'aunin zafi, digiri 130, awa biyu. A fitar a rufe ya huce, a sake aunawa. Giram nawa ya ragu, shi ne kashin ruwan. In ana so a rubuta a jikin leda da hujja kuwa sai a kai ɗakin gwaji irin LANSPEX.

Maman Nafisa (Talaje):
Jama'a na dawo bayan kwana biyar. Na kai giram 100 daga ragowar ledojin da ba su yi hunhuna ba wurin wata maƙwabciyata mai yin kek. Ya fito giram 84. Sai da na zauna, don wannan shi ne wanda na rantse ya bushe.

Shekaranjiya na murza kilo 20 kawai, na turara sau uku kaɗan-kaɗan, na fasa ƙwayoyi ban ga fari ba. Wata ƙungiyar mata a Harobanda ta ara mini akwatinsu na gas na yini ɗaya. Wanda ya fito daga tiren ƙasa ya ba ni giram 90, na tiren sama 87. Na jiƙa a nono Hajiya, ya sha har ciki kamar yadda kike so.

Hajiya ta Wadata:
Alhamdu lillahi. Ki aiko mini da leda ɗaya in ajiye a ɗaki zuwa ƙarshen Satumba in gani da idona. In ya kai lafiya, ni da ke mu haɗa kuɗi a yi mana akwati ɗaya.

Injiniya Ɗan Adar:
Na tiren saman nan kada ki ƙulla shi tukuna, 13 ke nan, a bakin iyaka yake. Iskar ta riga ta ƙoshi da ruwan na ƙasa kafin ta iso gare shi. Ki mayar da shi ƙasa na awa ɗaya ki sake aunawa. Maigida mai walda, in za ka yi musu nasu, tire shida sun isa, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsu, kuma a yi su girma ɗaya don a iya sauya musu wuri.

Mai walda na Katako:
Na rubuta. Ragar inoks mai ƙananan ido ce ban tabbatar da samunta a nan ba, gobe in sha Allahu zan zagaya kasuwa in tambaya. Maman Nafisa ki aiko mini da dege cikin tafin hannu, mafi ƙanƙantar da kike yi, don in gwada a kan ragar kada ya riƙa zubowa kan murhu.